Zomon da Duna Yake Kawowa

Bana ruwa ya yi jinkiri. Mun share gonaki, mun tara kara da ƙaya mun ƙone, mun kai taki, kowa ya gyara sunguminsa ya jingine, sai kallon gabas. Hadari yakan taso da la'asar ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta kwashe shi. Da rana idan ka shimfiɗa tabarma a inuwa sai ka ji kamar daga kan murhu aka ɗauko ta.

Shekaranjiya da hantsi wasu samari suka tsaya shan ruwa a ƙofar gidana. Suna kan babura za su dajin Maiyama farauta, kowane da kare rungume a cinya. Gardama suke yi. Ɗaya ya ce ɗan kare ba ya zama kare sai ya bi tsoho. Ɗaya ya ce tsoho kashe masa zuciya yake yi, gara mutum ya hore abinsa shi kaɗai. Suka juyo gare ni.

"Baba, an ce kai ma ka taɓa farauta. Mi ka gani?"

Na ce su sha ruwansu rana tana yi. Suka tafi. Su farautarsu ta marmari ce, in sun kamo su ɗauki hoto da waya, in ba su kamo ba tuwo yana jiran su a gida. Abin da na gani ba ya faɗuwa a tsaye, mutum yana riƙe da moɗa. Zan rubuta shi bi da bi, yadda ya faru.

A shekarar da nake magana, ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Muka tsaya muna kallo zangarniya ta bushe ba ido. Ɗan abin da na tara a rumbu bai kai mu tsakiyar rani ba. Lokacin iyayena sun rasu, ƙannena mata sun yi aure, gidan daga ni sai matata Kulu, ita kuma tana ɗauke da cikin fari.

Ga yadda yini yake tafiya. Da asuba in yi salla in kama hanyar fadama, inda masu albasa na wajen Aliero suke ɗaukar 'yan ban ruwa. Babu inji a lokacin, jigo ne. Ka danna, ka ɗago, ka juye, har kafaɗa ta daina jin ciwo. Rijiyoyin kullum ƙasa suke yi, sai an shiga an ƙara haƙa, ruwan ya fito ja kamar kunun kanwa. Ladan aikin ɗan awon dawa ne, da lawashi, da ƙananan albasar da ba ta shiga buhu. Kulu ta surfa dawar, ta ware dusar ta adana. Da safe kunu, tsararo, kana ganin gindin ludayi. Da rana babu. Da yamma tuwo da miyar kuka, an jefa gabu don ƙamshi. Takan ajiye mini babbar malmala ta ce ita ta ci tun a madafa.

Da aka cire albasa aikin ya ƙare. Daga nan muka koma kan dusar da ta adana, da yaɗiya, da ɗinkin, wato tohon ɗinya, da aduwa. Wanda bai kwana da ruwan aduwa a ciki ba bai san yadda ciki yake kuka ba. In na miƙe tsaye da sauri sai in ga duhu, in dafa bango har ya wuce.

Surukina Baba Arzika yana can ɗaya gefen garinmu, Fagada. Mafarauci ne, kuma gonarsa tana gangaren fadama, don haka ya sami 'yar dawa. Tsakanina da shi akwai abin da ke tsakanin kowane mutum da uban matarsa. Ban kiran sunansa. In na hango shi a hanya sai in cire takalmi in ratse in durƙusa. Ban haɗa ido da shi, ban ci ban sha a inda yake. Shi ma bai taɓa taka ƙofar gidana ba.

A al'adarmu mai cikin fari takan koma gidan iyayenta in ciki ya tsufa, ta haihu a can. Wannan ba abin magana ba ne. Amma in aka ɗauke ta tun ciki bai kai ba, a shekarar yunwa, kowa ya san fassararsa: miji ya kasa. Inna, uwar Kulu, ta aiko wata tsohuwa ta ce ko zan bar yarinyar ta zo ta ɗan huta. Na ce a gaishe da Inna, a gaya mata muna lafiya, in lokaci ya yi ni da kaina zan kawo ta. Ranar da na faɗi haka babu abin da aka ɗora a murhu.

Ina da ɗan kare baƙi da wasu Fulani suka bar mini da za su tashi. Duna nake ce masa. Ya fara tsayin ƙafa, ƙirjinsa ya buɗe. Na ce tunda daji bai ƙare ba, da shi zan riƙe gidana. Na tsara horonsa. Da farko kira da fito. Bayan haka in ɗaura tsohuwar fatar zomo a igiya in ja, ya bi. Bayan haka daji. Biyun farko ya iya. Da muka shiga daji sai ya kama bin ƙadangare da fara. Zomo ya taɓa tashi a gabansa, ya ja da baya ya yi haushi.

Nomau, ɗan kawuna, taubashina ne, bakinsa ba ya raga mini. Ya same ni ina jan fatar nan a bayan gari, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Labbo, wai kai ka koya mai, ko shi ka koya maka? Na ga kai ka gudu, shi yana zaune."

"Wuce ka ba ni wuri."

"In ya gama karatu ka kira mu walima. Fatar za a dafa?"

Kulu ce ta kawo maganar, tana tsinke yaɗiya, ba ta ɗago kai ba. Malam take ce mini, ko da yake karatuna bai kai nan ba.

"Malam, da ka bari ya bi 'Yar Ja."

'Yar Ja tsohuwar karyar Baba Arzika ce. Duk Fagada an san ta. Ta tsufa, bakinta ya yi fari, amma ba ta fita ta dawo haka nan.

"Ba ni roƙon komi ga gidanku," na ce.

"Ba roƙo ba ne. Kowa haka shika yi. Kare dai za ya bi kare."

Gaskiyarta. Dokar abin a wurinmu sananniya ce. Ɗan kare yakan bi tsoho, mai tsohon ya fita da su tare. Abin da tsohon ya kama na mai shi ne. Abin da ɗan ya kama da bakinsa na mai ɗan ne, a yanka a aika masa. Ba kyauta ba ce, ba sadaka ba. Na juya maganar na ga babu inda ta taɓa mutuncina. Na yarda. Kulu ta kai shi.

Kwanakin farko Duna yakan dawo da yamma da ƙaya a tafin ƙafa, harshe a waje, ba komai. Wata rana bayan la'asar ina zaune ina gyaran ƙotar fartanya, sai ga shi ya shigo a guje da zomo a baki. An yanka shi, an farke ciki an cire hanji. Ya wuce ni ya ajiye a gaban Kulu. Na leƙa waje, na hango bayan Baba Arzika can wajen tsamiyar da ke bakin unguwarmu, ya juya ya nufi gida, 'Yar Ja tana bin sa. Na gane tsarin. Ba zai zo ƙofata ba, don haka yakan tsaya a tsamiya ya ba kare kamunsa ya kawo.

Ban manta ƙamshin miyar ranar ba. Kitse ya taso a kanta ɗigo-ɗigo. Kulu ta tauna ƙashi har ya zama gari. Ta raba naman, ta shanya wani a kan danga inda shaho ba zai gani ba. Daga ranar, ba kullum ba amma a kai a kai, Duna yakan shigo da abu: zomo, gafiya, wani lokaci kurege. Wani mu ci, wani Kulu ta ba maƙwabciya ta karɓo ɗan gero. Hayaƙi ya dawo gidana.

Bakina ma ya dawo. A gindin tsamiya bayan sallar Juma'a na riƙa ba da labarin karena. Na ce tushen da na yi masa da fatar nan shi ne ya yi aiki, tsohuwar karya ƙarashe kawai ta yi. Na ce a shekarar nan babu wanda ya ciyar da gidana sai Allah sai guminmu ni da Duna. Da tsohuwar da Inna take aikowa ta sake zuwa, na sa Kulu ta zuba mata romo ta sha kafin ta buɗe baki.

Nomau ya ce, "Karen da kaza mai 'ya'ya ta kora har cikin ɗaki? To, Allah mai iko."

Ana cikin haka sarkin dawa ya sa aka yi shelar babbar farauta, ta ƙarshe kafin shuka. Mutanen Fagada da na Giwa Tazo da ƙauyukan tsakani duk za su fito. A irin wannan farauta kowa da karensa yake tafiya, kuma wanda karensa ya fara kafa haƙori shi ke da nama. Na aika aka gaya wa Baba cewa ranar ni zan riƙe Duna. Kulu ta ce, "Malam, da ka bar shi wurin Baba." Na ce mata kare nawa ne.

Muka fita da sassafe ana kiɗa. Kafin hantsi rana ta buɗe. Ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi, sabara duk ta yi toka-toka, iska in ta buso kamar daga bakin maƙera. Muka jeru muna tafe muna dukan kurmi da gora. Yawancinmu ba mu karya da komai ba, ana jin numfashin mutum daga nesa. Baba Arzika yana can hannun dama, na bar tazara mai yawa tsakaninmu. Nomau yana kusa da ni.

Zomo ya tashi daga gindin wata geza, babba. Na saki igiya da bisimilla. Abin da Duna ya yi a nan ban taɓa ganin ɗan kare ya yi shi ba. Bai bi bayan zomon ba kamar sauran karnuka. Ya yanke ta gefe, ya tare inda zai karya kwana tun bai karya ba. Ya bar karnukan Giwa Tazo a baya. Mutane suka fara kiran sunana. Ya cim masa, hancinsa yana taɓa gashin bayansa. Saura ya buɗe baki.

Bai buɗe ba. Ya bangaje shi da kafaɗa ya juyo da shi dama, ya sake tarewa ya juyo da shi, har ya kawo shi gaban 'Yar Ja da take tafe a hankali. Sannan ya yi tsalle gefe ya ba ta wuri. Ta cafke.

Na ce a raina kuskure ne na yau. Baba Arzika ya ƙarasa, ya karɓa, ya fuskanci gabas ya yanka. Mutane suka taru ana duba girman zomon. Sai Duna ya ratsa tsakanin ƙafafu, ya je gaban Baba ya zauna. Ya ɗaga kai, ya buɗe baki, wutsiyarsa tana share ƙasa. Baba ya kore shi da ƙafa. Ya zagayo ya sake zama. Ya dubi zomon, ya dubi hanyar gari, ya yi ɗan kuka, ya sake buɗe baki. Zaman wanda ya saba ne.

Wani mutumin Giwa Tazo ya ce, "Wanga kare mi yaka jira?"

Nomau ya fara dariya. Ya dube ni, dariyar ta tsaya.

Baba Arzika ya ɗaga murya, yana kallon sarkin dawa. "Shi ya koro shi. Kamunshi ne."

Sarkin dawa ya ce, "Haba Arzika. Kora daban, kamu daban. Kowa ya ga bakin da ya kama. Ko haka kuke yi kullum?"

Mutanen garinmu, waɗanda suka sha jin labarina a gindin tsamiya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Baba ya tsaya da zomo a hannu, jini yana ɗiga a kan yatsun ƙafarsa. Ni na sa dattijon nan ya yi ƙarya a gaban garuruwa. Ya sunkuya ya sa wa Duna zomon a baki. Duna ya juya ya kama hanyar Fagada a guje. Ta gabana ya wuce, ko kallona bai yi ba.

Ban jira an tashi ba. Nomau ya biyo ni, muka yi tafiya mai nisa. Can ya ce, "Gudu kam ya iya, wallahi."

Daga baya na fahimci abin da ya faru da karen. Ya koyi bin sawu a wurinta, ya koyi shaƙar iska, ya koyi yanke hanya, abubuwan da da fata da igiya ba zan taɓa koya masa ba. Amma 'Yar Ja ba ta yarda wani baki ya taɓa abin da ake bi. Duk ɗan karen da ya gwada sai ta yage masa kunne. Ya koyi wannan ma. Sai bayan ta mutu, a wata shekarar, ya fara kamu, shi ma da ƙyar. Wanda zai haɗa ɗan kare da tsoho ya haɗa, amma ya san ranar raba su, kuma ya je dajin da ƙafarsa ya gani.

Na iske Kulu ta riga ta feɗe zomon. Duna yana kwance a inuwar rumbu yana lasar ƙafa. Na tsaya a kanta.

"Kin sani?"

Ta ci gaba da yanka. "Da karyar nan na girma, Malam. Haƙorinta guda ya karye. Na san cizonta ga nama."

"Tun yaushe?"

"Tun na farko."

"Duna bai taɓa kama ko ɗaya ba?"

"Ya taɓa kama bushiya. Ita ma ta soke shi."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Su can gidan, mi suka ci?"

"Dawa akwai. Nama dai tun da anka fara Inna ba ta sa shi ga baki ba." Ta ɗago kai a karo na farko. "Ni na roƙi Baba, ba shi ya fara ba. In za ka yi fushi, da ni za ka yi."

Sai a lokacin na dube ta da kyau. Mun kwana ɗaki ɗaya duk watannin nan, amma ban duba ba. Wuyanta ya zama kamar na kaza, awarwaronta ya sauko har yana neman fita ta tafin hannu, ƙafafunta kuma sun kumbura suna sheƙi. Cikin ne kaɗai ya yi gaba. Ɗan naman da nake taƙama da shi, rabinsa a cikina yake tafiya.

Na ce, "Ki haɗa kayanki. Gobe zan kai ki."

"Lokaci bai yi ba. Mutane za su ce..."

"Sun riga sun ce."

Da hantsi muka fita. Akwai hanyar bayan gari ta cikin gonaki, Kulu ta nufi can. Na ce a'a, ta tsakiya za mu bi. Na ɗauki ƙunshin kayanta a kaina, abin da namiji ba ya yi, tana biye da ni a hankali, Duna yana bayanta. Muka wuce masu jiran layi a bakin rijiya. Muka wuce tsamiya, dattawa suna zaune. Wani ya ce, "Labbo, ina zuwa da kaya?" Na ce, "Gidansu zan kai ta. Ba ni da abin ba ta." Ya ce Allah ya kawo sauƙi, sauran suka amsa.

A ƙofar gidan na cire takalmi na durƙusa daga waje. Kulu ta karɓi kayanta ta shige. Baba Arzika yana cikin zaure yana ɗinkin jakar farauta, ya ba ni gefe. Na gaishe shi, ya amsa. Na ce, "Baba, na kawo ta."

"Ka kyauta."

Ya ja zare ya ciza. Ya ce, yana kallon ɗinkinsa, "Shekarar ba taka ba ce kai ɗaya. In ruwa ya sauka ka zaka ka ɗebi iri. Yanzu ka zagaya bayan zaure, an aje maka saƙo."

Na zagaya. Wuri ne tsakanin bango da danga, babu mai gani. An ajiye akushi a rufe da faifai, da moɗar ruwa. Na buɗe. Tuwon dawa ne, malmala biyu, da zafinsa. Mutum ba ya cin abinci a gidan surukai. Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba. Na rufe, na miƙe, duhun nan ya rufe mini ido, na dafa bango. Da ya wuce sai na koma na tsuguna na fuskanci bangon, na wanke hannu.

Ina cikin ci na ji motsin kwano daga cikin gida, ta bayan dangar. Na ji muryar Inna tana cewa a ci a hankali. Sannan na ji muryar Kulu, da baki cike, tana faɗin abin da ba ta taɓa faɗa a gidana ba.

"Inna, ƙara man."